Yadda ake karanta hoton eksire idan an taɓa ƙullutu a cikin kyanwa

Da wuya mako ya wuce wani bai turo mini hoton eksire a waya ba. Galibi sabbin likitocin dabbobi ne da suka gama karatu a jami'ar Zariya, ko masu bautar ƙasa da aka ajiye a asibitin da babu babba a kusa. Tambayar ba ta canzawa: "Dokta, na taɓa wani abu mai tauri a cikin kyanwar nan, ga hoto, mene ne?" Na ga gara in rubuta tsarin da nake bi a nan Kaduna daga farko har ƙarshe, kowa ya samu.

Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu. Eksire ba ya faɗin sunan ciwo. Iyakar abin da zai gaya maka shi ne gaɓar da ƙullutun ya fito daga cikinta, kuma ana gane hakan ne ta duban maƙwabtan da ya ture daga mazauninsu. Duk matakan da ke ƙasa hidimar wannan suke yi.

Don kada mu rikice, idan na ce gaba ina nufin wajen kai, baya wajen wutsiya, sama wajen ƙashin baya, ƙasa wajen cibiya, kamar kyanwar tana tsaye. Hoton gefe shi ne wanda aka kwantar da ita a kan haƙarƙari, hoton rigingine kuma wanda aka kwantar da ita a bayanta.

Kayan aiki da kuɗi

Kana buƙatar akwatin haske ko kwamfuta mai allo mai kyau, rula mai milimita, alamar dama da hagu ta dalma, rigar dalma da safar hannu da abin wuya, ƙananan buhunan yashi, tawul, cokalin katako mai faɗi, sirinji da siririn bututun roba.

Kuɗin yakan kasu huɗu: na kowane hoto, na allurar kwantarwa, na mota idan injin ba a wurinka yake ba, sai na abin da zai biyo baya, wato sikanin (hoton ciki da ake ɗauka da sauti, irin na masu juna biyu) da gwajin jini. Ka lissafa wa mai kyanwa duka tun kafin a fara. Wurin da mutane suka fi neman ragi shi ne yawan hotuna, su ce a ɗauki guda ɗaya ya isa. Kada ka yarda. Hoton gefe shi kaɗai ba ya nuna ko abu yana dama ko hagu, ko ma a kan fata yake, don haka kuɗinsa asara ne. Idan aljihu ba zai ɗauki hoto biyu ba, gara a kai kuɗin wajen sikanin.

1. Tambaya da hannu kafin hoto

Shekarunta nawa? Mace ce ko muzuru? An cire mata mahaifa? Yawancin kyanwoyin gidajenmu suna fita yawo kuma ba a yi musu aikin ba, saboda haka tambayar ko muzuru ya bi ta a 'yan makonnin nan tana da nauyi ƙwarai. Yaushe ta yi fitsari, yaushe ta yi bayan gida, tana amai, ta rame?

Sannan ka lalube cikin a hankali. Ƙodar kyanwa tana motsi a hannu fiye da ta kare, kuma sabon likita yakan kama ƙodar hagu lafiyayya ya ce ya sami ƙari. Bayan gida da ya taru yana lotsawa idan ka danna shi, ƙari ba ya lotsawa. Ka buɗe baki ka ɗaga harshe ka duba ko zare ya naɗe a gindinsa. Ka rubuta inda ka ji ƙullutun da girmansa kafin ka ga hoto, don kada hoton ya sauya maka abin da hannunka ya ji.

Hattara: muzurun da ke yunƙurin fitsari ba ya fita, ka ji wani abu zagayayye mai tauri kamar lemo a bayan cikinsa, mafitsara ce ta toshe. Ba hoto yake jira ba. Ka buɗe masa hanya tukuna, domin wannan yana kisa cikin kwana biyu ko uku.

2. Shirya kyanwar

Idan ba gaggawa ba ce, a hana ta abinci na awa 12, a bar mata ruwa. A ba ta dama ta yi fitsari da bayan gida a kwanon yashi. Tumbi cike da abinci da babban hanji cike da kashi suna rufe rabin abin da kake nema. Jaririyar kyanwa da wadda ta galabaita ba a yi musu wannan doguwar yunwa.

Gashin ya zama busasshe. Jiƙaƙƙen gashi, ko man sikanin da ba a goge ba, yana zana layuka a hoto masu kama da ruwa a ciki. Idan za a yi duka biyun rana ɗaya, eksire ne farko.

Kyanwar da ke kokawa ba ta ba da hoto mai kyau, kuma mutum uku su danne ta a ƙarƙashin injin cutar da kai ne. Allurar kwantarwa ta fi.

Hattara: zailazin, allurar kwantarwar da ke hannun yawancinmu, tana sa kyanwa amai, tana rage motsin hanji, iska ta taru. Idan da ita ka yi amfani, ka rubuta a jikin takardar hoton, don kada wanda zai karanta ya ɗauki iskar a matsayin toshewa. Kyanwar da ke numfashi da ƙyar kuwa kada ka kwantar da ita rigingine.

3. Ɗaukar hoton

Mafi ƙaranci biyu: gefen dama da rigingine. Idan da hali ka ƙara gefen hagu, domin iskar da ke cikin tumbi da hanji tana sauya wuri idan an juya dabbar, sai ta haska maka inda ruwa ya rufe a hoton farko.

Hoton ya fara daga ɗan gaban ƙarshen ƙashin ƙirji ya kai har mahaɗar cinya. A ja ƙafafun baya zuwa baya don naman cinya kada ya hau kan mafitsara. A danna lokacin da ta gama fitar da numfashi. A saitin injin, ciki yana son kV (ƙarfin ratsawar hasken) ƙasa-ƙasa da mAs (yawan hasken) sama-sama, don kitse ya bambanta da tsoka. Kaurin cikin kyanwa da wuya ya kai santimita 10, don haka ba ta buƙatar girid (farantin da ke tace hasken da ya warwatsu), a ɗora ta kai tsaye a kan kaset, wato akwatin fim.

Da yawanmu a garin nan wuraren hoton mutane muke kai dabba bayan sun tashi aiki. Idan haka ne, ka tafi da kanka. Mai injin ya saba da cikin babban mutum, idan ka bar shi da saitinsa hoton zai fito baƙi ƙirin. Ka auna kaurin cikin ka gaya masa, ka tsaya a kan sai an sa alamar dama ko hagu.

Hattara: safar dalma tana kare hannu daga hasken da ya warwatsu ne kawai, ba a sa hannu a tsakiyar hasken ko da safa. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 18 ba su fita daga ɗakin.

4. Hoton ya cancanci karantawa?

Ka kafa shi daidai: a hoton gefe kai yana hagunka, a na rigingine daman kyanwar yana hagunka. Ka duba ko ta karkace. A na gefe, gindin haƙarƙarin dama da na hagu su hau kan juna. A na rigingine, ƙayoyin ƙashin baya su bi tsakiya sak. Kyanwar da ta karkace tana sa ƙoda ɗaya ta zama kamar ta sauka daga wurinta.

Lokacin hunturu ƙura tana shiga kaset ta bar fararen ɗigo masu kaifin baki, an sha kiransu tsakuwar ƙoda. Idan ɗigon yana wuri ɗaya a kan fim a hotuna biyu alhali dabbar ta juya, datti ne. Masu wanke fim da hannu kuma su kula da zafin Maris da Afrilu, ruwan wankin da ya yi ɗumi yana baƙanta hoto ya cinye bambancin launi.

Idan za ka turo wa wani ta waya, ka kashe fitilar ɗaki, ka kashe filashi, ka ɗauki fim ɗin gaba ɗaya har da alamar. Hoton da aka ɗaga a jikin taga, ana hango bishiyar mangwaro ta cikinsa, ba wanda zai karanta maka shi da gaskiya.

5. Fara daga gefe, ka bar ƙullutun tukuna

Ido yana son ya faɗa kan babban farin abin da ke tsakiya. Ka hana shi. Ka bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa, haƙarƙari, ƙugu, ɓangaren huhun da ya shigo hoton, da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ka bi layin bangon ciki ka ga ko ya yanke a wani wuri, domin kyanwar da mota ko babur ya buge tana iya zuwa da hanji a ƙarƙashin fata.

Kan nono yana fitowa a hoton rigingine kamar ƙaramin ƙullutu mai kaifin baki a gefe ɗaya. Idan kana shakka, ɗiga masa bariyum, ruwan da ke fitowa fari a eksire, ka sake ɗauka. Amma idan nonon kansa ne ke da ƙari, ka ɗauke shi da muhimmanci: a kyanwa sama da kashi 80 cikin 100 na ƙarin nono mugun iri ne.

6. Launi biyar, da tambayar ko ana ganin gefen gaɓoɓi

Daga baƙi zuwa fari: iska, kitse, tsoka da ruwa, ƙashi, ƙarfe. Ka lura tsoka da ruwa launinsu ɗaya ne. Ma'anar wannan ita ce ƙari, da jakar ruwa, da ƙurji mai mugunya, da mahaifar da ta cika, duk fari iri ɗaya suke bayarwa. Wanda ya dubi eksire kaɗai ya ce wa mai dabba "daji ne" ya faɗi abin da hoton bai faɗa ba.

Kitsen da ke tsakanin gaɓoɓi shi ke sa a ga gefensu. Idan cikin ya zama fari dususu kamar hazo, dalilan su ne: jaririya ce da ba ta tara kitse ba, ko ta rame ƙwarai, ko akwai ruwa, ko tantanin ciki ya kumbura, ko daji ya bazu a kansa. Siffar cikin tana raba maka gardama. Ramammiya cikinta a tsuke yake, mai ruwa cikinta a bunƙase. Hazo a wuri guda kawai, misali bayan tumbi ta dama, yana nuna matsalar a nan take.

Idan ruwa ne mai yawa, kada ka ƙara ɓata fim. Ka zuƙo kaɗan da sirinji ka duba. Ruwa rawaya mai yauƙi a ƙaramar kyanwa mai zazzaɓi yana sa a yi tunanin cutar FIP, wata cutar bairas ta kyanwa mai kumbura tantanin ciki. Jini yana sa a tambayi bugu, ko maganin ɓera, ko ƙarin da ya fashe.

Hattara: iskar da ke wajen hanji, ƙananan baƙaƙen kumfa a inda babu hanji ko baƙin layi tsakanin hanta da tantanin ƙirji, alamar hanji ya huje ne, sai tiyata a ranar. Sai dai idan an buɗe cikin kwanan nan, domin iskar tiyata tana iya yin makonni kafin ta ɓace.

7. Kiran suna

Nan ne aikin yake. Kamar malami a aji, ka kira kowace gaɓa ka ga ta amsa. Wadda ka gani da girmanta da siffarta a wurinta, ka cire ta daga zargi. Wadda ba ta amsa ba, ita ce abar tuhuma.

Ma'auninka gaɓoɓin ƙashin baya ne. Kyanwa tana da 13 masu haƙarƙari, sai 7 na gadon baya. Ta farko bayan haƙarƙarin ƙarshe ita ce L1, ka ƙirga daga nan.

Hanta. Ba a auna ta kai tsaye, ana duban tsayuwar tumbi. A hoton gefe, layin da ya bi tsawon tumbi yakan tsaya tsakanin miƙewa sak daga ƙashin baya da bin karkatar haƙarƙari. Idan ƙasan tumbin ya koma baya ya wuce haka, hanta ta girma. A ƙarƙashin hantar kyanwa mai ƙiba akwai tarin kitse da ke ɗaga ta sama. Ya fi tsoka duhu, kuma lafiya ne. Matsarmama ma takan leƙo ta ƙasan hanta kamar ɗan ƙwallo, musamman a kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba.

Tumbi. A hoton rigingine siffarsa kamar ƙugiya, mafitarsa tana kusa da tsakiya, ba can dama ba kamar ta kare. Idan babu komai a ciki, ana iya ganin siririn layi mai duhu a bangonsa, kitse ne.

Saifa. A rigingine, ƙaramin abu mai kusurwa uku a hagu, bayan tumbi, gaban ƙodar hagu. A hoton gefe kuwa, saifar kyanwa lafiyayya ba ta saba fitowa a ƙasan ciki ba. Wanda ya saba da kare yana ganinta a can ya wuce. A kyanwa, ganinta kwance a ƙasan ciki alamar ta girma ne.

Ƙoda. A rigingine ake auna su. Tsawon ƙoda ya kai ninki 2.4 zuwa 3 na tsawon L2. A waɗanda aka dandaƙe ko aka cire wa mahaifa, da tsofaffi, yana iya sauka zuwa wajen 1.9 ba tare da ciwo ba. Ta dama tana ƙarƙashin L1 zuwa L4, ta hagu ta ɗan fi ta baya. Ka duba girma, ka duba santsin gefe, ka gwada ɗaya da ɗaya. Ɗaya babba ɗaya ƙarama yana sa a bi hanyar fitsari da ido a nemi 'yar farar tsakuwa.

Ƙaramin hanji. Faɗinsa daga bango zuwa bango kada ya wuce milimita 12. Kyanwa ba ta tara iska a hanji kamar kare. A mai ƙiba, hanjin yakan dunƙule a tsakiya ya ɗan karkata dama, kitse ne ya tattara shi. Kada ka yanke hukuncin kaurin bangon hanji a hoton da ba a ba da bariyum ba, ruwan da ke ciki yana manne da bango ya sa shi kamar ya yi kauri.

Babban hanji. Shi ne babban mashaidinka, domin kashi da iska suna sa a bi shi daga farko har ƙugu. Ka auna mafi faɗinsa ka raba da tsawon L5. Ƙasa da 1.28 daidai ne, sama da 1.48 yana nuna hanjin ya saki ya buɗe.

Mafitsara tana ƙasa ta baya, mai siffar ƙwai. Mahaifar da ba ta ɗauke da komai ba a cika ganinta ba.

8. Wa aka ture, kuma ina aka kai shi?

Yanzu ka dubi ƙullutun. Ka rubuta wurinsa a hotuna biyun, girmansa da santimita, siffarsa, gefensa, launinsa, da ko akwai iska ko ɗigon fari a cikinsa. Sai ka tambayi hanji da tumbi inda aka kai su.

Ƙullutun hanta yana tura tumbi baya da sama. Idan a ɓangaren dama yake, mafitar tumbi tana komawa hagu. Na saifa yana zama a tsakiya ko ƙasa ta hagu, ya tura ƙaramin hanji baya da sama, tumbi kuma yana nan ko ya ɗan matsa gaba.

Na ƙoda ya fi kowanne sauƙin ganewa idan ka san dokarsa. Ƙoda tana manne a sama, a wajen tantanin ciki, don haka ko ta yi girman ƙwallo tana nan a sama, tana danna hanji ƙasa. Ta hagu tana tura babban hanji ƙasa da tsakiya. Duk farin abin da ka ga babban hanji ya ratsa ta ƙarƙashinsa a hoton gefe, ka fara zargin ƙoda. Wanda babban hanji ya bi ta samansa, da wuya ya zama ita.

Ƙullutun tsakiyar ciki da ya watsa hanji ko'ina, gaba da baya da gefe, galibi kaluluwar hanji ce ko bangon hanjin kansa. Iska mai karkataccen siffa a tsakiyarsa tana nuna hanji ne. Tarin ƙananan fararen ɓarɓashi kamar tsakuwa a hanjin da ya buɗe yana nuna an daɗe da toshewar da ba ta rufe gaba ɗaya ba. Idan kuma babban hanji ya lanƙwasa ƙasa daidai ƙarƙashin L6 da L7, kaluluwar da ke wurin ce ta kumbura.

Mahaifa tana shiga tsakanin babban hanji da mafitsara ta raba su, ta tura ƙaramin hanji gaba da sama.

Wata Hajiya daga Malali ta taɓa kawo mini kyanwarta a cikin kwandon wanki, an rufe da zane. Ta zo da fim guda ɗaya na gefe, babu alama, an ce mata daji ne, a yi mata allurar hutu. Kyanwar tana shan ruwa da yawa, ba ta ci, cikin ya cika. Na sake ɗaukar biyu. A na gefe, ƙaramin hanji duk ya tattaru a gaba, kuma tsakanin babban hanji da mafitsara akwai tazarar da bai kamata ba. A na rigingine, fararen abubuwa biyu masu kama da tsiran alade, ɗaya a kowane gefe. Na ce, "Hajiya, yaushe rabon da ta yi kukan neman muzuru?" Ta ce, "Likita, ai wata guda ke nan da ta hana mu barci." Sikanin ya nuna ruwa ne cike da mahaifar, babu 'ya'ya. Da muka buɗe, mugunya ce. Bayan kwana goma ta dawo cire zare tana fizge-fizge. Har yau idan na tuna saura ƙiris a kashe dabbar nan a kan hoto ɗaya, raina yana ɓaci.

9. Masu shigar burtu

Ciki na haihuwa shi ne na farko. Kyanwa tana ɗaukar kwana 63 zuwa 65 galibi, kuma ƙasusuwan 'ya'yan ba sa fitowa a eksire sai wajen kwana 38 zuwa 40 bayan barbara. Kafin nan, mahaifa mai 'ya'ya da mai mugunya kamarsu ɗaya a fim. Sikanin ne ke raba su, yana nuna bugun zuciya tun wajen mako uku.

Sai tumbi cike da abinci ko curin gashi, wanda yake da ɗigon iska a cikinsa kamar soso. Sai ɗan abu mai siffar ƙwai, farin baki kamar ɓawo, yana yawo shi kaɗai a cikin kitse: tsohon kitse ne da ya mutu ya daskare, ba ya cutarwa. Tsofaffin kyanwoyi kuma sukan nuna ɗan farin ɗigo a gaban kowace ƙoda, wannan ma ba ciwo ba ne.

Zare yana da nasa hoton. A gidan da ake ɗinki ko aikin hula, kyanwa tana wasa da zare ta haɗiye, wani lokaci har da allurar. Hanjin yana tattarewa a kansa kamar bakin wando da aka ja mazagi, hannu ya ji dunƙule. A fim za ka ga ƙananan iska masu siffar waƙafi ko ɗigon hawaye, ba zagayayyu ba.

Hattara: idan ka ga zaren a ƙarƙashin harshe ko yana leƙowa ta dubura, kada ka ja. Yana yanka hanji kamar reza.

10. Dabaru masu arha idan hoton bai fito fili ba

Ka danna cikin a hankali da cokalin katako daidai wurin da kake shakka, ka ɗauka a haka, ka ɗan rage kV tunda kaurin ya ragu. Katako ba ya fitowa sosai, kuma yana kawar da hanji daga kan ƙoda ko mahaifa. Kada ka yi wannan idan ƙullutun babba ne, ko kana zargin mahaifa mai mugunya, ko mafitsara ta cika tam.

Idan ka kasa bambance babban hanji da ƙaramin da ya buɗe, ka sa siririn bututu ta dubura ka tura iska kaɗan-kaɗan da sirinji. Babban hanjin zai fito baƙi, ka san wane ne wane. Dabara ta uku ita ce haƙuri: a hana abinci, a sake hoto washegari. Abinci da kashi suna tafiya, ƙari yana nan inda yake.

Hattara: ba a ba da bariyum idan ana zargin hanji ya huje, kuma ba a ɗura shi da ƙarfi ga kyanwa mai amai, yana iya faɗawa huhu. Yana kuma ɓata sikanin da za a yi bayansa.

11. Rubuta rahoto, ka faɗi mataki na gaba

Ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. Misali: "Ƙullutu mai launin tsoka, santimita 5, a sama ta hagu, ya tura babban hanji ƙasa. Ba a ga ƙodar hagu daban ba. Mai yiwuwa daga ƙodar hagu." Sannan ka jero zato gwargwadon gaɓa da shekaru.

A hanji da kaluluwarsa, limfoma (dajin kaluluwa) ce kan gaba a kyanwa, sai adinokasinoma (dajin shimfiɗar cikin hanji), sai ƙarin ƙwayoyin mast (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki). A ƙaramar kyanwa ka sa FIP da hanjin da ya shige cikin ɗan'uwansa. Saifar da ta girma, ƙwayoyin mast ko limfoma. Ƙoda biyu manya, limfoma, FIP, ko cutar jakunkunan ruwa ta gado da aka sani a kyanwoyin Farisa masu dogon gashi, waɗanda yanzu ake sayowa ana ajiyewa a gidaje a Unguwar Rimi da Barnawa. Ƙoda ɗaya babba mai santsi, toshewar hanyar fitsari ko ruwa da ya taru a kewayenta. Hanta babba gaba ɗaya a mai ƙibar da ta daina ci, kitse ne ya cika ta ko limfoma.

Kafin a yi maganar tiyata a kan abin da ake zargin daji ne, a ɗauki ƙirji ta fuska uku a duba huhu da kaluluwar da ke saman ƙashin ƙirji. A yi gwajin jini, da na FeLV da FIV (cututtukan bairas masu karya garkuwar jikin kyanwa) idan an samu. Sunan ciwon kuwa sai an tsotso ƙwayoyinsa da siririyar allura ƙarƙashin sikanin, ko an yanko yanki an kai ɗakin gwaji. Idan ba ka da waɗannan, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 daga Kaduna. Ka haɗa mai kyanwa da ainihin fim ɗin, da rahotonka, da sunan duk allurar da ka yi da lokacinta.

Hattara biyu a nan. Kada ka yi mata magungunan rage kumburi irin deksametason ko firedinisolon "don ta ji sauƙi kafin a je", suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, a zo gwaji a rasa abin gani. Kuma ka faɗa wa mai ita da baki, ka sake faɗa, kada a ba ta farasitamol a gida ko a hanya. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. A sa ta a kwando mai iska, a shimfiɗa tawul, a kama hanya da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma a bar ta ba abinci tun dare idan ƙarfinta zai ɗauka, don a iya yin sikanin da isarsu.